Wa'azin Gafara a Kakau, Kusa da Kabarin Ɗalibi

Ma'aikacin da ke bin hanyar Abuja zuwa Kaduna yakan wuce Kakau bai waiwaya ba. A nan makarantar Good Shepherd take, inda cocin Katolika ke horar da limamanta. Daren 8 ga Janairun 2020 'yan bindiga suka kutsa ciki, suka tafi da ɗalibai huɗu. Uku sun dawo. Michael Nnadi, ɗan shekara 18, gawarsa aka tsinta.

Da aka zo jana'izarsa a harabar makarantar ranar 11 ga Fabrairu, Bishop Matthew Hassan Kukah na Sakkwato ya hori masu makoki da su guji ramuwar gayya. Amma a wa'azin nan dai ya caccaki gwamnatin tarayya kan gazawarta wajen tsaron rayuka, abin da bai yi wa wasu na kusa da mulki daɗi ba. Sun so a yafe, a kuma yi shiru.

Yau ɗaliban da ke sauraron darasin gafara na Matiyu 18 a ɗakin sujadar makarantar, in sun fito, kabarin ɗan'uwansu na nan cikin harabar.