Kwamfutar Gida Ma Tana Da Ƙofofi Da Makullai

A gidaje da yawa kwamfuta ɗaya ce tal a kan teburi. Maigida na ajiye takardun fili da lissafin kasuwa a cikinta, uwargida na adana hotunan biki da suna, yara kuwa na yin aikin makaranta. Idan kowa na shiga da suna guda, wata rana yaro zai goge abin da aka yi shekaru ana tarawa, ko baƙo ya ga hoton da bai kamata ya gani ba.

Manhajar da ke nuna mana dosiyoyi da abin da ke cikinsu tamkar ma'aji take. A Windows ana kiranta File Explorer tun 2012, da Faransanci kuma Explorateur de fichiers. A Mac sunanta Finder tun 1984. Sai dai ita nunawa kawai take yi. Makullin yana cikin izinin da aka rataya wa kowane dosiye: wa zai duba, wa zai canza, wa zai goge.

Tsarin Unix, wanda aka soma ginawa a Amurka a 1969, ya kasa masu amfani gida uku: mai abu, da mutanensa, da sauran jama'a. Bahaushe ya san wannan tun da daɗewa, domin baƙo iyakarsa zaure, 'yan gida na da tsakar gida, turaka kuwa ta maigida ce. Windows ta sami nata makullan a 1993 tare da tsarin ajiya na NTFS.

Saboda haka, ya ku iyaye, ku buɗe wa kowa asusunsa da kalmar sirrinsa. Babba ɗaya ya riƙe asusun shugaba, yara a ba su na gama-gari, wanda ba ya leƙa dosiyoyin wasu. Abin da ke na kowa da kowa a zuba shi a dosiyen Public. Mai son sanin wanda ke da izini a kan wani dosiye ya danna shi da maɓallin dama, ya zaɓi Propriétés, sannan Sécurité.

Amma a kula da abu biyu. Na farko, yawancin 'yan sandunan ajiya na USB suna bin tsarin FAT32 ko exFAT, waɗanda ba su san izini ba. Duk wanda ya tsinci sandar ya sami abin da ke ciki. Na biyu, mai asusun shugaba na iya buɗe komai, haka ma wanda ya cire faifan ajiyar ya sa a wata na'ura, sai fa in an rufe shi da irin su BitLocker. Don haka kafin a kai kwamfuta wurin mai gyara, a kwashe sirrin iyali a adana shi daban. Tun ran gini, ran zane.