Kayan Sojan Boma a Gidajenmu

Gorar ruwa, kwanon abinci da lambar yabo da sojojin Najeriya suka dawo da su daga Boma bayan 1945 sun cancanci adanawa, ko a Tungan Maje suke ko a Zariya. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun gwabza da Japanawa a can, kuma yawancin dakarun ba su bar rubutu ba, kayan nan ne shaidarsu. Barikin Chindit na Zariya ma daga yaƙin ya samo sunansa. Wasu na ganin ajiye kayan soja jawo wa kai fitina ne. Lallai doka ta hana farar hula sanya kakin soja, harsashi kuwa hukuma ake miƙa wa. Amma gora ba makami ba ce, in kuma ba a adana ta ba, ɗan gwangwan da kilo zai saye ta.