Gishirin Da Ke Ɓoye A Tukunyar Gidanmu

Ina so in yi bayani a kan wani abu wanda babu gidan da ba ya shiga a Sanyinna da kewayenta, tun daga Tambuwal har Kebbe, watau gishiri. Dalilin da ya sa na zaɓe shi kuwa shi ne yadda a ke yawan jin an ce wane ya faɗi a gona ko a kasuwa, ɓarin jikinsa ya shanye. Wasu su ce iska ce ta buge shi, wasu su ce sammu ne. Amma idan aka kai shi asibitin Tambuwal, ko aka wuce da shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, galibi abin da likita ke samu shi ne hawan jini. Yawan cin gishiri kuwa yana cikin manyan abubuwan da ke kawo shi.

Ga yadda abin ya ke. A cikin gishiri akwai wani sinadari da a ke kira sodiyam, wanda ke riƙe ruwa a jikin mutum. Idan ya yi yawa sai jini ya ƙaru a cikin jijiyoyi, zuciya ta riƙa tura shi da ƙarfi. Duk wanda ya taɓa ganin injin ban-ruwa a fadama ya san abin da ke faruwa idan ruwa ya fi ƙarfin tiyo: wata rana sai ya fashe a inda ya fi rauni. To, idan jijiya ta fashe ko ta toshe a cikin ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Likitoci kan ce jini ya hau idan awonsa ya kai 140 bisa 90, ya kuma zauna a haka. Mugun abin shi ne mutum ya kan shekara da shekaru da shi bai ji ciwon kome ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a yini, watau ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Na san wata Inna za ta ce ai ita ɗan kaɗan ta ke barbaɗawa a miya. Gaskiyarta, amma ba wanda ta ke gani da ido ne kaɗai gishiri ba. Mu ɗauki dunƙulen da mu ke kira magi. Kamfanin wani mutumin ƙasar Suwizalan mai suna Julius Maggi ne ya fito da nasa a 1908, daga baya sunan ya bi kowane irin dunƙule a bakinmu. Ƙaramin dunƙule nauyinsa giram 4 ne, kuma wajen rabinsa gishiri ne. Ke nan ɗalibin da ya murmushe guda ɗaya a kan kwanonsa na shinkafa da wake (mu 'yan makarantar kwana mun san wannan aiki sarai, har a ƙasan akwati a ke ɓoye shi) ya ci kusan rabin rabonsa na yini a zama ɗaya. Ga yajin ƙosai da safe, shi ma da gishiri da dunƙule aka daka shi. Ga garin ɗanɗanon da ke cikin ledar taliya, ga burodi, ga miyar dare. Kafin a kwanta an wuce iyaka ba a sani ba.

Kakanninmu ma sun ci gishiri, amma a wurinsu abu ne mai tsada wanda fatake ke kawowa daga Balma da Foga a ƙasar Nijar ta yanzu, saboda haka da lissafi a ke sa shi. Abin da ke ba miyarsu daɗi shi ne daddawa. A kan dafa kalwa, watau ƙwayar ɗorawa, har ta yi laushi, a surfe ɓawon, a wanke, a sake dafawa, sa'an nan a lulluɓe ta kwana biyu ko uku ta ruɓa, a kirɓa, a shanya. Warinta ne ya sa wasu 'yammatan yanzu ke yi mata kallon abincin ƙauye. A ganina sun yi asara, domin wajen kashi ɗaya cikin uku na daddawa abin gina jiki ne irin wanda a ke samu a nama da wake. Gidan da ba kullum ya ke iya sayen nama ba, ba ƙaramin taimako ta ke yi masa ba.

Sai kanwa. Mutane da yawa ba su san ita ma sodiyam ne a cikinta ba. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, sun lura mata da yawa na kamuwa da ciwon zuciya bayan haihuwa, suka ɗora zargi a kan kunun kanwa da wankan jego. Daga baya binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero ya jagoranta, wanda aka buga a 2020, bai sami hujjar cewa waɗannan al'adu ne tushen ciwon ba. Ya fi danganta shi da rama da talauci da hawan jini lokacin goyon ciki. Duk da haka, mai jegon da ƙafafunta suka kumbura ko numfashi ke yi mata wuya, asibiti ya kamata a kai ta, ba a ƙara mata kanwa ba.

Ba cewa na ke yi a daina gishiri ɗungum ba. Tun 1993 doka ta sa a riƙa zuba aidin a gishirin Nijeriya domin maganin maƙoƙo, saboda haka jiki na bukatar kaɗan. Dabarar ita ce a rage sannu a hankali. Inda a ke sa dunƙule biyar a koma huɗu, bayan sati biyu a koma uku, a cike gurbin da daddawa da albasa da citta da tafarnuwa da masoro. Cikin 'yan makonni harshe ya kan saba, har miyar da ta wuce ta zama zartsi a baki. A kuma yawaita kwaɗon zogale da rama da miyar yakuwa da wake, domin suna da sinadarin da ke taimakon jiki ya fitar da sodiyam.

Tukunya kaɗai ba ta isa ba. A da, daka da niƙa da jan ruwa a rijiya da tafiya kasuwar ƙauye a ƙasa su ne motsa jikin mutanenmu. Yanzu ga injin niƙa, ga babur ko da zuwa bayan gari ne. Ba na fatan Inna ta koma dutsen niƙa, ta sha wuya isasshiya. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, mu kuwa 'yan ƙasa da shekara 18 minti 60 kullum. Mu a makaranta ƙwallo da gudu da share fili sun ishe mu. Baban da ke wuni zaune a shago shi ne abin ji. Tafiyar rabin sa'a da sassarfa bayan sallar Asuba, kwana biyar a mako, ta cika masa lissafinsa.

Damuwa ma ta kan ɗaga jini, ta hana barci. Tunanin kuɗin taki da na makaranta ba zai gushe don an yi tafiya ba, amma tafiyar da hira da 'yan'uwa da kwanciya da wuri suna rage nauyinsa. Mu 'ya'ya kuma idan mun je hutu muna iya karɓar ɗebo ruwa da wanke-wanke, uwa ta sami sa'a ɗaya ta miƙe ƙafa.

A hutun nan mai zuwa, kowannenmu ya roƙi Baba da Inna su je asibiti mafi kusa a auna jininsu. Awon bai fi minti biyar ba, babu allura, babu zafi. Wanda aka ba magani kuwa ya ci gaba da sha ko da ya ji garau, kada ya daina sai likita ya ce.