'Yan Aiken Jiki da Ciwon Dajin Hanji

Sa'ad da ƙaya ta soki yaro a ƙafa, wurin yakan kumbura, ya yi ja, ya yi zafi. Bayan 'yan kwanaki sai ya warke. Wannan kumburi hikimar Allah ce a jikinmu. Ƙwayoyin naman da aka ji wa rauni sukan saki waɗansu sinadarai ƙanana ƙwarai, waɗanda likitoci ke kira saitokin. Aikinsu kamar na ɗan aike ne: su kira fararen ƙwayoyin jini su zo su yaƙi cuta, su kuma umarci nama ya tsiro ya rufe raunin. Da aiki ya ƙare sai su yi shiru.

To, in ba su yi shiru ba fa? A nan ne zancen ciwon daji na babban hanji ya shigo.

Tun a shekarar 1863 wani likita na ƙasar Jamus, Rudolf Virchow, ya ga fararen ƙwayoyin jini a cikin ƙarin daji, ya yi zaton cutar tana tasowa a inda kumburi ya daɗe. A 1986 wani masani a Amurka, Harold Dvorak, ya kwatanta ƙarin daji da rauni wanda ya ƙi warkewa. Binciken da ya biyo baya ya nuna yadda abin ya ke faruwa.

Yawanci ciwon yakan fara da ɗan tsiro a bangon hanji, wanda kan yi shekara goma ko fiye kafin ya rikiɗe. Idan akwai daɗaɗɗen kumburi a wurin, 'yan aiken nan ba su daina kawo saƙo. Ɗaya daga cikinsu, mai suna IL-6, yakan umarci ƙwayoyin hanji su yi ta hayayyafa, kada kuma su mutu a lokacin da ya kamata. Wani mai suna TNF yakan ƙara hura wutar kumburin. Akwai kuma wani sinadari, furostagalandin, mai taimakon tsirowar sababbin jijiyoyin jini, ta haka ƙarin ya sami abinci. Saƙon da aka yi domin warkarwa, shi ne ƙarin ya ke amfani da shi ya yi girma. Shi ya sa masu ciwon gyambon babban hanji na shekaru da yawa su ke cikin hatsari fiye da sauran mutane.

Cutar ba ƙarama ba ce. A 2020 an ƙiyasta mutum fiye da miliyan 1.9 ne suka kamu da ita a duniya, fiye da 900,000 kuma suka mutu.

Abincinmu yana da hannu a ciki. Denis Burkitt, likita Kirista wanda ya yi aiki shekaru da yawa a Yuganda, ya lura cewa cutar ba ta da yawa a ƙauyukan Afirka. A 1971 ya bayyana ra'ayinsa, cewa abinci mai dusa ne ya ke kāre su. Yanzu an san cewa ƙwayoyin da ke zaune a hanjinmu sukan narkar da dusar nan, su fitar da wani sinadari mai ciyar da bangon hanji, mai kwantar da kumburi. A 2015 aka buga sakamakon wani gwaji inda baƙaƙen Amurka 20 da mutanen ƙauye 20 na Afirka ta Kudu suka yi musayar irin abincinsu na mako biyu. Alamun kumburi suka ragu a hanjin Amurkawan, suka ƙaru a na mutanen ƙauyen. Saboda haka kada mu raina gero da dawa da wake da miyar ganye, mu maye gurbinsu da farin burodi da naman gwangwani. Taba, giya da yawan ƙiba su ma suna ƙara hatsarin.

An gano cewa asfirin yana rage furostagalandin, yana kuma rage hatsarin ga waɗansu mutane. Amma kada kowa ya riƙa shansa kullum ba da izinin likita ba, gama yana iya sa ciki ya zub da jini.

Babbar matsalarmu ita ce jinkiri. Mutum yakan ga jini a bayan gida ya ce basir ne ko atuni, ya yi watanni yana shan jiƙe-jiƙe, kunya ta hana shi faɗi. 'Yan'uwa, idan jini ya ci gaba da fita, ko zawo da taurin ciki suka daɗe makonni, ko mutum yana ramewa yana gajiya ba dalili, a tafi asibiti. Likita yana iya duba hanji da bututu mai fitila, ya cire tsiron tun bai zama daji ba. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi cutar, ya faɗa wa likita.

Muna addu'a domin marasa lafiya, haka kuwa ya dace. Bari miji da mata su kuma saba gaya wa juna abin da suka gani a jikinsu, su raka juna wurin likita tun da wuri.