Farin Da Ke Kan Harshen Jariri, Da Tambayar Da Ba Mu Yi

Babu uwar da ba ta san farin nan da kan fito a harshen jariri da cikin kumatunsa ba, mai kama da guntun kindirmo. Idan ragowar nono ne, ana gogewa zai fita. Idan kuwa aka goge ya ƙi, ko ya bar wurin jajir har da ɗan jini, to ba nono ba ne. Wata ƙwaya ce daga dangin funfuna, irin wadda kan rufe tuwon da ya kwana biyu a ajiye. Likitoci na kiranta Kandida.

Tun da wuri zan faɗi wani abu, domin kada maƙalar nan ta zama sandar dukan wata baiwar Allah a gidan aurenta: jarirai da yawa masu ƙoshin lafiya kan yi wannan farin baki a makonnin farko na haihuwa, a ɗiga musu magani ya wuce. Haka ma makero a kan yara. Duk wanda ya taso a unguwar da aska ɗaya ke bin kawuna goma ya san shi. Ganin ɗaya daga cikinsu ba shaida ba ce ta cuta mai karya garkuwar jiki.

Inda maganar take shi ne idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ƙwayar Kandida tana zaune a jikin kusan kowannenmu, garkuwar jiki ce ke taka mata birki. Saboda haka idan jariri ya wuce mako 6 da haihuwa, farin bakin ya ƙi tafiya, ko yana tafiya yana dawowa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa wannan a cikin alamomin mataki na 3 na cutar HIV a jikin yara. Idan ya gangara maƙogwaro har haɗiya ta zama azaba, an shiga mataki na 4, na ƙarshe. Ruwa dai ba ya tsami banza.

To me muke yi idan yaro ya ƙi kama nono, yana kuka, yana ramewa? Kaka ta ce haƙori ne. Maƙwabciya ta ce beli ne, a kira wanzami. A naɗe tsumma a yatsa a dirje harshen. In an ci gaba, a je kemis a sayo shuɗin maganin nan da ke rina baki, ko ruwan nistatin. Magungunan ba laifinsu ba ne, suna aiki. Farin zai ɓace, bayan mako biyu ya dawo, a sake komawa kemis ɗin, mai shago ya sake miƙo kwalba ya karɓi kuɗinsa. A ganina nan ne ake barin jaki ana dukan taiki. Sau uku ana sayen magani ɗaya domin ciwo ɗaya, amma babu wanda ya ce, "Malama, an taɓa yi muku gwaji ke da yaron nan?"

Dalilin da ya sa jinkirin ke da tsada shi ne, akwai wata funfunar da ba ta nuna kanta a harshe. Sunanta Numosistis, huhu take kamawa. An daɗe ana ɗaukarta a wani jinsin halitta daban, sai a 1988 bincike ya tabbatar cewa funfuna ce. Ta fi kama jariran da ke ɗauke da HIV tsakanin wata 3 zuwa wata 6. Yaro zai riƙa numfashi da sauri-sauri, da busasshen tari, zazzaɓin ma ba lallai ya yi tsanani ba, alhali iska tana ƙarewa a jininsa. Allurar limoniya da aka saba yi ba ta taɓa ta. Sau da yawa wannan ne ciwo na farko da yaron zai yi, kuma shi ne na ƙarshe. An kuma san cewa jariran da suka kamu da HIV, in ba a ɗora su a kan magani ba, kusan ɗaya cikin uku ba ya kai shekara guda, rabinsu kuwa ba sa ganin shekara biyu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne arahar rigakafin. Septrin ne, wanda babu kemis ɗin da ba ya sayar da shi. Ƙa'ida ita ce duk jaririn da mahaifiyarsa ke ɗauke da cutar a fara ba shi kullum daga mako 4 zuwa 6 da haihuwa, har sai an tabbatar bai kamu ba. Wani bincike da aka yi a Zambiya, aka wallafa a 2004, ya nuna cewa maganin ya rage mutuwar yara masu HIV da kashi 43 cikin 100. Wannan fa ba kira ba ne ga kowa ya je ya sayo ya ɗura wa ɗansa; a asibiti ake auna adadin gwargwadon nauyin yaro.

Gwajin jariri kuma ba irin na manya ba ne. Gwajin nan na minti kaɗan alamun da uwa ta gadar wa ɗanta yake gani, waɗanda kan iya kai wata 18 a jininsa. Don haka ake tsaga diddigen jariri a ɗiga jini a kan wata takarda, a aika ɗakin gwaji domin neman ƙwayar cutar ita kanta. Idan ta tabbata, maganin yau ba irin mai ɗacin nan na da ba ne. Tun 2021 Najeriya na cikin ƙasashen da suka fara raba ƙwayar dolutegravir ta yara, mai narkewa a ruwa kuma mai ɗanɗanon zaƙi. Da zarar garkuwa ta farfaɗo, yawancin funfunar nan, ta baki da ta farce da ta fatar kai, kan ja da baya.

Yaran da suka fara tasawa su ma ba su tsira ba. Matashin da ya gaji da shan magani ya ajiye, saboda kunya a makarantar kwana ko don ba a taɓa gaya masa abin da yake sha ba, yana iya faɗawa hannun Kiriftokokus, mai kumbura rigar ƙwaƙwalwa. Ciwon kai ne da zai ɗauki makonni, a yi ta maganin maleriya da taifot, wani lokaci a ce iska ce.

Duk wannan yana rataye ne a kan abu guda: a san matsayin uwa tun tana da ciki. Mata da yawa a ƙauyukanmu ba sa zuwa awo, a gida suke haihuwa. Wadda ta je aka gaya mata sakamako kuwa, takan ɓoye kwalbar maganin jaririn a ƙarƙashin katifa, don tsoron kada miji ya tambaya, kada kishiya ta gani. Dokar hana tsangwamar masu cutar tana nan tun 2014, sai dai doka ba ta shiga uwar ɗaka. Miji ne ke shiga, kuma shi ne ya fi ƙin zuwa gwaji.

Sai batun kuɗi. Kaso mai tsoka na magunguna da kayan gwajin nan tallafin waje ne, musamman shirin PEPFAR na Amurka, kuma mun ga yadda aka shiga ruɗani da aka dakatar da tallafin ƙasashen waje a Janairun 2025. Sayen Septrin na ruwa, da nistatin, da takardar ɗiga jini, da biyan mai babur ɗin da zai kai samfuri daga ƙauye zuwa ɗakin gwaji ya dawo da sakamako, bai fi ƙarfin kowace gwamnatin jiha ba. Zan so in ga layinsu ƙarara a kasafin kuɗin lafiya na baɗi, in kuma ji ɗan majalisar da zai tashi ya tambayi nawa aka saki.