Ra'asul Guli, Tauraron da ke Yin Husufi

Daga cikin taurarin da ake gani da ido a sashen arewacin sama, akwai wani wanda malaman falaki na Larabawa suka kira Ra'asul Guli, wanda Abdurrahman as-Sufi ya ambata cikin littafinsa na surorin taurari wajen shekara ta 964, Turawa kuma suka gutsure sunan ya koma Algol. Abin ta'ajibi game da shi, duk bayan kwana 2 da sa'a 20 da minti 49 haskensa yakan dushe har ya koma kamar sulusi, sa'an nan ya dawo yadda yake, duka cikin misalin sa'a 10, ba ya saɓa wa'adi.

Wani Ba'italiye, Montanari, ya lura da wannan hali a 1667, amma wanda ya fara hango dalilinsa wani saurayi ne kurma a Ingila, John Goodricke, wanda bayan ya daɗe yana ƙididdige lokutan dushewar, ya bayyana a 1783 cewa mai yiwuwa wani jiki mai duhu ne yake gittawa ta gabansa. Ya rasu yana da shekara 21, hujjar kuwa ba ta tabbata ba sai 1889, sa'ad da Vogel a Jamus ya rarrabe hasken ya ga taurari biyu ne ke kewaya juna, mai rauni yana shamakance mai ƙarfi, kamar yadda wata ke yi wa rana ranar kusufi.

Mas'alar da ta fi wahalar da masana ita ce, bisa ƙa'ida tauraro mai nauyi shi ke riga tsufa, alhali a nan wanda bai kai nauyin rana ba shi ne tsohon, abokinsa da ya ninka rana sau uku yana kan ƙuruciya. Jawabin, wanda a ganina ya fi husufin ban mamaki, shi ne tsohon da can shi ne mai nauyin, da ya kumbura sai maƙwabcin ya janye mafi yawan jikinsa.

Nisansa daga gare mu tafiyar haske ce ta kimanin shekara 90. Mai son gani da idonsa ya dubi arewa maso gabas bayan Isha'i da kaka, kafin hazo ya sauko.