Usur Biyu: Na Son Ƙasa da Na Tsoron 'Yan Kallo

A gidajen kallon ƙwallo na wajen Ƙofar Kabuga, da wuya a tashi wasa ba a tsine wa alƙali ba. "An saye shi!" kawai za ka ji. Amma son kan alƙalin wasa iri biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne son ƙasa, wanda ake yawan zargi a wasan hoki na ƙanƙara, wanda mutanen ƙasashen sanyi ke bugawa da sanduna. A gasar Olamfik ta 2002 a Amurka, matan Kanada da na Amurka suka haɗu a wasan ƙarshe, wadda ta riƙe usur kuwa Ba'amurkiya ce. Sau 8 a jere tana hukunta 'yan Kanada, alhali kowane hukunci fitar da 'yar wasa ne na minti 2 a bar sauran da giɓi. Duk da haka Kanada ta ci 3-2. A gasar Olamfik ta Sochi ma a 2014, alƙali Ba'amurke ya soke ƙwallon da Rasha ta zura wa Amurka saboda raga ta goce daga mazauninta. Doka tana bayansa, amma wa zai gamsar da mutanen Rasha? Laifin na waɗanda suka naɗa shi ne, don ba a ba mutum shari'ar ɗan ɗakinsu. Maganin wannan mai sauƙi ne: a ɗauko alƙali daga wata ƙasa.

Na biyu, wato namu na ƙwallon ƙafar Najeriya, ya fi wuya. Alƙalin gasarmu daga wata jiha ake kawo shi, ba shi da dangi a fili. Abin da ke ransa shi ne yadda zai fita lafiya. Kano Pillars ta shekara 12 ba a doke ta a gida ba, wasa 202, sai a 2015 da Nasarawa United ta ci 2-1. Ina ƙaunar Sai Masu Gida, kuma ba da usur ta ɗauki kofi a 2008, 2012, 2013 da 2014 ba. Sai dai a zamanin, ko a Aba ko a Inugu, baƙo in ya samu canjaras godiya yake yi. A 2019 a filin Agege da ke Legas, bayan 1-1 da Rangers, magoya bayanmu ne suka afka wa alƙali, aka dakatar da kyaftin Rabi'u Ali wasa 12. Alƙalin da ya ga haka, da wace zuciya zai busa fenariti a kan mai gida a minti na 90?

Shi ya sa nake ganin tsoro ya fi son ƙasa ɓarna, domin har mai gaskiya yana lanƙwasawa. Kuma darajar alƙalanmu ce ke zubewa: a gasar cin kofin Afirka da aka buga a Kwaddebuwa a 2024, ba a ɗauki alƙali ko ɗaya daga Najeriya ba.

Hukumar gasa ta biya alƙalai haƙƙinsu a kan lokaci, ta ba su tsaro har masauki. Mu kuma 'yan kallo, in mun je filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, mu yi ihunmu daga kan benci, kada wanda ya tsallaka shinge.